Gwani ɗaya a kamfani: sabon abu yake kawowa, ko tsohon yake ƙara wa kyau?

Injiniya_Sabo
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, ina so mu tattauna.

A inda nake aiki muna ƙera na'urorin auna zafi na masana'antu. Muna da wani dattijon injiniya wanda kusan rabin takardun mallakar ƙirƙira na kamfanin da sunansa a kai. Gwani ne na gaske, wannan ba na ja. Duk na'urar da ya sa wa hannu sai ta rage cin wuta, ta daɗe ba ta lalace ba. Amma da na zauna na duba abin da muka fitar cikin shekara takwas, sai na ga duk 'ya'yan na'ura ɗaya ne, wadda ya ƙera tun kafin a ɗauke ni aiki.

Watan jiya wani yaro a sashenmu ya kawo samfurin da ya haɗa da kansa, mai aika bayanai ba tare da waya ba. Dattijon ya ɗauka, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya yi tambaya biyu, ya ajiye a gefen tebur ya ce ba zai jure zafin inji ba. Ta yiwu gaskiyarsa ce. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mu goma sha ɗaya ne a ɗakin, babu wanda ya ce a gwada a gani.

Yanzu shugabanni na maganar ɗauko wani babban suna daga waje. To, shin babban gwani yana buɗe wa kamfani sabuwar hanya ne, ko zurfafa wadda ya sani kawai yake yi?

Ɗan_Lantarki
Wa alaikumus salam. Injiniya, labarinka ya tuna mini da Thomas Edison. Mutumin da ke da takardun mallaka 1,093 a Amurka, wanda ya kafa ɗakin bincike a Menlo Park a 1876. Duk da haka da aka zo batun wutar da ke iya tafiya nesa, wato AC, ya kafe a kan tasa DC, wadda a lokacin ba ta iya zuwa nesa, saboda a kanta ya gina komai. Nikola Tesla, gwanin AC, ya yi aiki a ƙarƙashinsa a 1884, bai daɗe ba ya tafi, daga baya Westinghouse, abokin hamayyar Edison, ya sayi haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙiren Tesla. A 1892 da aka haɗe kamfanoni aka kafa General Electric, har sunan Edison aka cire. Gwani yana kare abin da ya mai da shi gwani.

UmmuHanifa
Ɗan_Lantarki, misalinka ya yi, amma kada mu yi wa gwanaye kuɗin goro. Akwai waɗanda ba sa iya zama a kan abu ɗaya. James Black ya samar da maganin zuciya propranolol a kamfanin ICI. Maimakon ya zauna yana ta yi wa maganin kwaskwarima, sai ya koma wani kamfani, Smith Kline & French, ya fuskanci ciwon gyambon ciki, aka samu cimetidine wanda ya shiga kasuwa a 1976. Cuta biyu daban, magani biyu da suka sauya aikin likitanci. Ya samu kyautar Nobel a 1988. Wannan ai ba zurfafa rami ɗaya ba ne.

Ɗan_Lantarki
Hajiya, ki lura da abu ɗaya: sai da ya bar kamfanin farko kafin na biyun ya samu.

UmmuHanifa
Na lura. Kuma dabararsa ɗaya ce a duka biyun, wato gano inda sinadarin jiki ke maƙalewa a toshe wurin. Ke nan ko shi ɗin hanyar da ya sani ya ɗauka ya kai sabon fili. Ina ganin nan ne amsar Injiniya take: gwani ba ya cika sauya hanyar tunaninsa, amma idan aka kai shi gaban sabuwar matsala sai tsohuwar hanyar ta haifi sabon abu.

Malam_Nazari
Ku ba ni dama in rarrabe, don na ga kalmar ƙirƙira muke ta amfani da ita alhali ba abu ɗaya muke nufi ba. Masu nazarin harkar kamfanoni sun daɗe da bambanta su. A 1991 James March ya yi rubutu a kan abubuwa biyu da ke jan kowace ma'aikata: cin moriyar abin da ta riga ta sani, da fita neman abin da ba ta sani ba. Na farko ribarsa kusa take kuma tabbas ce, na biyu ribarsa nesa take kuma sau da yawa asara ake yi. Shi ya sa idan aka bar kamfani da halinsa, na farkon ke cinye na biyun.

Dattijonku, Injiniya, zakara ne a na farko. Kuma kada ka raina hakan, shi ke biyan albashi. Matsalar tana zuwa ne idan mutum ɗaya ya zama shi ne alƙalin duka biyun. Ma'aunin da yake auna gyaran tsohuwar na'ura da shi, wato juriya da inganci, shi ya ɗora wa samfurin yaron. Sabon abu kuwa a ranar farko kusan kullum ya fi tsoho rauni.

Mai_Walda77
Ni dai ban yi karatun nan naku mai zurfi ba, shekara goma sha tara ina kan layin haɗa kaya a masana'anta. Amma akwai ƙirƙirar da ba wanda ya ambata, ta yadda ake yin aikin kansa. Mun taɓa samun wani ƙarfe da ke lanƙwashewa bayan walda. Manyan injiniyoyi sun yi wata biyu suna sake zane. Wata mata da ke duba kaya a ƙarshen layi ce ta lura cewa waɗanda aka yi da safe ba sa lanƙwashewa, sai na rana, lokacin da ake buɗe babbar ƙofa iska na bugun teburin. Aka sa labulen roba, magana ta ƙare. Babu takardar mallaka, babu sunanta a ko'ina.

Malam_Nazari
Mai_Walda77, Allah ya ƙara basira, ka kawo nau'i na uku. Toyota a kan irin wannan ta yi suna. Tun 1951 suke da tsarin karɓar shawarar ma'aikata, kuma ma'aikaci na da ikon jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga matsala. A irin wannan ƙirƙira babban gwani ba shi da tasiri sosai, don ilimin a warwatse yake a hannun mutane da yawa.

Zinariya_K
Ban yarda gaba ɗaya ba, Malam. Taiichi Ohno, injiniyan Toyota, fa? Ai mutum ɗaya ne ya tsaya kai da fata a kan tsarin na Toyota shekara da shekaru. Sai dai shi abin da ya ƙirƙira hanya ce da za ta sa dubban mutane su riƙa gyara, ba na'ura ba.

Baba_Mai_Ritaya
Yara, bari in ba ku labarin da ya fi dacewa da batun ɗauko babban suna.

A watan Disamba 1947 aka ƙirƙiro taransista, 'yar na'urar da ke sarrafa wutar lantarki a cikin rediyo da kwamfuta, a ɗakin bincike na Bell Labs da ke Amurka. John Bardeen da Walter Brattain ne suka yi gwajin da ya yi nasara, William Shockley ne shugaban rukuninsu, kuma shi ya zo da ingantaccen samfuri bayan haka. Su ukun suka raba Nobel a 1956. Shockley kai ne da babu irinsa, amma zama da shi ya gagara. Bardeen ya bar wurin a 1951 ya koma jami'ar Illinois, inda ya yi aikin da ya ba shi Nobel na biyu a 1972.

Shockley ya buɗe nasa kamfani a Kalifoniya a 1956. Sunansa kaɗai ya jawo masa matasa mafi hazaƙa a ƙasar. Wannan ita ce fa'idar babban suna ta farko, maganaɗisu ne. Amma ya kafe a kan wata na'ura mai hawa huɗu da shi ya ƙirƙiro, su kuma yaran suna ganin taransistan silikon ne kasuwa ke jira. Ga zargi, ga rashin yarda da mutane. A 1957 takwas daga cikinsu suka fice rana ɗaya suka kafa Fairchild Semiconductor. A can Jean Hoerni ya samar da hanyar sarrafa silikon a shimfiɗe a 1959, Robert Noyce ya ɗora a kai ya haɗa da'irar lantarki gaba ɗaya a kan ƙwaya guda. A 1968 Noyce da Gordon Moore suka kafa Intel.

Ku duba da kyau. Shockley ya haddasa ƙirƙira mai girman gaske, amma ba a kamfaninsa ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Injiniya_Sabo
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan ya taɓa ni, don yaron da na ba ku labari ya fara neman aiki a wani wuri. Shi da bakinsa ya gaya mini.

Hauwa_Kwamfuta
To ni ina ganin kuna ɗora wa gwanaye laifin da na manajoji ne. Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital a Kodak, kamfanin fim ɗin ɗaukar hoto, a 1975, nauyinta ya kai kilo uku da rabi, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Ba wani babban injiniya ne ya danne shi ba, lissafin ribar fim ne. A 2012 kamfanin ya shigar da takardar karyewa.

Ɗan_Lantarki
Hauwa, gyara kaɗan. Mutane na yawan ba da labarin kamar Kodak ta jefa kyamarar a kwandon shara. Ba haka ba ne. Sun yi mata rajistar mallaka, sun fitar da kyamarar dijital ta ƙwararru a 1991, kuma an yi lokacin da suke cikin na gaba-gaba wajen sayar da kyamarar dijital a Amurka. Abin da ya kashe su shi ne ribar da ke cikin fim da wankin hoto babu irinta a dijital.

Hauwa_Kwamfuta
Na karɓi gyara, na gode. Amma hakan ma ya ƙarfafa maganata. Akwai nau'in ƙirƙira da ko gwanin duniya ba zai iya yi wa kamfani ba, wato sauya hanyar samun kuɗi. Wannan a ofishin shugaba ake yanke shi, ba a ɗakin gwaji ba. Fujifilm, kishiyar Kodak, ta fuskanci matsala iri ɗaya, ta ɗauki ilimin sinadaran fim ta shiga harkar magunguna da kayan kwalliya.

Sadauki_09
Ni tambayata daban ce. Su waɗannan gwanaye nawa ake ba su? Don na ji labarin wani ɗan Japan da aka ba shi abin da bai taka kara ya karya ba.

Zinariya_K
Shuji Nakamura kake nufi, wanda ya samar da fitilar LED shuɗiya mai haske a kamfanin Nichia a 1993. Ladan da ya samu a kan takardar mallakar yen dubu ashirin ne. Ya kai ƙara a 2001, a 2004 kotu a Tokyo ta ce a ba shi yen biliyan ashirin, aka ɗaukaka ƙara, a 2005 suka sasanta a kan kimanin yen miliyan 840. Ya samu Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano.

Sadauki_09
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

UmmuHanifa
Batun kuɗin yana da muhimmanci, amma akwai abin da ya fi shafar tambayar Injiniya a labarin Nakamura. Lokacin da ya fara aikin ba babban suna ba ne, injiniya ne a ƙaramin kamfani nesa da manyan birane. Yawancin manyan ɗakunan bincike sun raja'a a kan wani sinadari daban, shi ya ɗauki gallium nitride da mutane da yawa suka ɗauka ba zai yi ba. Kuma wanda ya kafa kamfanin, Nobuo Ogawa, shi ya ba shi kuɗi da dama. Sau da yawa wanda zai fasa sabuwar hanya ba shi ne gwanin yau ba, gwanin gobe ne. Abin da yake buƙata babba ɗaya da zai tsaya masa.

Malam_Nazari
Hajiya ta taɓo wurin. Akwai bincike biyu da Pierre Azoulay da abokan aikinsa suka yi a kan manyan masana kimiyyar rayuwa da suka rasu ba zato. A na farko, na 2010, sun ga aikin waɗanda suke rubutu tare da mamacin ya ragu da kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, kuma bai dawo ba. A na biyu, na 2019, sun ga bayan rasuwar gwani sai baƙi daga wasu fannoni su fara shigowa filinsa da sababbin dabaru, rubuce-rubucen waɗanda ba abokan aikinsa ba su ƙaru. Wannan a jami'o'i aka yi, ba a kamfanoni ba, amma ɗan Adam ɗaya ne. Gwani yana ɗaga na kusa da shi, kuma kwarjininsa kaɗai na hana na waje kusantowa, ko da bai hana kowa da baki ba.

Injiniya_Sabo
Malam, wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ɗakin taronmu. Dattijon bai taɓa cewa kada a gwada ba. Mu ne muka yi shiru.

Mai_Walda77
To laifin wa ke nan? Ku goma sha ɗaya fa.

Injiniya_Sabo
Har da ni, Mai_Walda. Na san inda tanderun gwaji yake, awa shida kawai ake buƙata a san ko samfurin zai jure. Ban ce komai ba saboda ina jin nauyinsa, shi ya koya mini rabin abin da na sani.

Baba_Mai_Ritaya
Jin nauyi ba laifi ba ne, ɗana. Amma ka je ka same shi shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Ka ce masa kana so ya nuna maka inda samfurin zai gaza a cikin tanderu, don ka koya. Gwani na gaske ba ya ƙin gwaji. Na yi aiki da irinsu, yawancinsu ba su san maganarsu ta yi nauyin da ta yi ba.

Kuma akwai wani irin gwani da ba a cika kula da shi ba. A Bell Labs ana ba da labarin cewa lauyoyin da ke kula da takardun mallaka sun taɓa neman sanin abin da ya haɗa ma'aikatan da suka fi yawan ƙirƙira. Abin da suka gano shi ne yawancinsu suna zama hira da wani injiniya, Harry Nyquist, lokacin hutun rana. Ba ya ba su amsa, tambayoyi yake yi musu har su gano da kansu. Irin wannan mutum ba a auna shi da yawan takardun da ke ɗauke da sunansa.

Hauwa_Kwamfuta
Baba, wannan gaskiya ne. Na yi aiki da wata babbar mai rubuta manhaja a wani kamfani. Idan ka kai mata matsala sai ta jawo kujera ta zauna gefenka, ta ce karanta mini abin da ka rubuta da ƙarfi. Kafin ka kai layi na goma ka ga kuskurenka. Da ta tafi, a takarda babu abin da ya ragu, amma cikin wata shida rukuninmu ya koma kowa na aikinsa shi kaɗai, sababbin dabaru suka ƙafe.

Zinariya_K
Akwai kuma ƙirƙirar da sai mutum biyu sun haɗu. A kamfanin 3M, Spencer Silver ya samu wani gam mara ƙarfi a 1968, ya yi shekaru yana yawo da shi cikin kamfani babu wanda ya san amfaninsa. Sai a 1974 Art Fry, wanda takardun da yake sa alama da su a littafin waƙoƙin coci ke ta zubewa, ya tuna da gam ɗin. Daga nan aka samu Post-it, 'yar takarda mai gam da ake liƙawa a cire, amma bai bazu a kasuwar Amurka ba sai 1980. Shekara goma sha biyu. Ɗaya yana da amsa babu tambaya, ɗaya yana da tambaya babu amsa. Abin da kamfanin ya yi shi ne barin ma'aikatan bincike su yi amfani da kashi 15 na lokacinsu a kan abin da suka ga dama.

Sadauki_09
To idan haka ne, ɗauko babban suna daga waje ɓarnar kuɗi ce ke nan?

Ɗan_Lantarki
Ba lallai ba. Ya danganta da abin da ake so ya yi da kuma inda aka ajiye shi. Gary Starkweather ya zo da tunanin firinta mai aiki da leza a Xerox a 1969, ogansa bai ba shi goyon baya ba. Da aka mai da shi sabon ɗakin bincikensu na Palo Alto a 1971, aikin ya tafi, a 1977 aka fitar da Xerox 9700, ta kawo wa kamfanin kuɗi mai yawa. Mutum ɗaya, kamfani ɗaya, wurin zama kawai aka sauya.

UmmuHanifa
Amma idan aka kawo sabon gwani aka zaunar da shi a ƙarƙashin dattijon, ko aka ɗora shi a kansa, rigima za a saya. Ni da za a tambaye ni, a bar dattijon da layinsa, a ware 'yan kuɗi kaɗan da mutum uku, har da yaron nan, a ce su yi wata shida ba sa kai rahoto wurinsa. Ya fi arha a kan babban suna.

Malam_Nazari
Hajiya, a nan na ɗan saɓa miki. Idan aka raba su gaba ɗaya, yaran za su maimaita kurakuran da dattijon ya wuce shekara ashirin da suka wuce. Maganarsa ta zafin inji fa ba shaci-faɗi ba ce. A cire masa ikon kashe aiki, amma kada a cire shi daga ba da shawara.

UmmuHanifa
A takarda yana da sauƙi, Malam. A zahiri idan mutum irin wannan ya ce abu ba zai yi ba, ko an kira shi shawara, hukunci ne.

Mai_Walda77
Ni dai har yanzu ina kan bakata. Kafin a kawo kowa daga waje, a tambayi masu haɗa na'urar da masu zuwa gyara wurin kwastoma. Su suka san abin da ke ƙonewa.

Injiniya_Sabo
Na gode muku duka. Baba, na bi shawararka, na same shi bayan an tashi aiki. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce batirin ne zai fara mutuwa, ba allon ba, kuma yana so ya ga a wane mataki na zafi. Ya ce a kawo samfurin ranar Litinin, shi da kansa zai saita tanderun. Batun ɗauko mutum daga waje kuma yana nan, ba a janye ba.

Hauwa_Kwamfuta
Yaron fa, ya fasa tafiya?

Injiniya_Sabo
Bai ce ba tukuna. Amma ya tambaye ni ƙarfe nawa za a kunna tanderun.